Ranar Wanka: Yadda Zola Ya Rubuta Fargabar Mai Zane

Marubuci yana da wani gata da bai cika lura da shi ba. Idan littafinsa ya fito, mai karatu kan ɗauka ya shige ɗaki ya karanta shi kaɗai. In ya yi tsaki, marubucin bai ji ba. In ya yi hamma ya ajiye a shafi na goma, babu mai kai masa labari. Mai zane ba shi da wannan rufin asiri. Ranar da aka buɗe baje koli, aikin da ya yi wata da watanni yana fama da shi a ɓoye yana rataye a bango, shi kuma yana tsaye cikin mutanen da ba su san fuskarsa ba, yana jin duk abin da ya fito daga bakinsu. Yana ganin wanda ya tsaya, da wanda ya wuce, da wanda ya zunguri abokinsa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to mai zane a bainar jama'a yake yin nasa wankan.

A cikin ƙagaggun labaran da muka karanta, ba mu ga wanda ya shiga cikin wannan rana kamar L'Œuvre na marubucin Faransa Emile Zola ba. Littafin ya fito a 1886, shi ne na 14 a jerin littattafai 20 da Zola ya rubuta a kan zuri'ar Rougon-Macquart. Ma'anar sunan ita ce "aikin", masu fassara zuwa Ingilishi kuma suka sa masa The Masterpiece. Ra'ayinmu a kansa shi ne, Zola ya san fargabar ranar buɗewa ciki da bai, har ya gano abin da ya fi dariyar jama'a ciwo. Sai dai ya yi wa tauraronsa rowar murna, kuma rowar nan ta rage wa littafin gaskiya, ta kuma sosa ran mutanen da daga rayuwarsu aka ɗebo labarin.

Ƙofa ɗaya tal

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san abin da ke kan faifai. A birnin Paris na tsakiyar ƙarni na 19, abincin mai zane ta ƙofa ɗaya yake shigowa, wato Salon, babban baje kolin da hukuma ke shiryawa a ginin Palais de l'Industrie. Kwamitin alƙalai ne ke zaɓar abin da za a rataye. Wanda aka karɓa, masu saye za su gan shi, jaridu su ambace shi. Wanda aka ƙi, akan buga harafin R a bayan katakon zanensa, tambarin da ke korar mai saye tun daga nesa.

A 1863 alƙalan suka ƙi fiye da rabin ayyukan da aka kawo. Koke-koke suka kai kunnen Sarki Napoleon na Uku, ya ba da umarni a baje waɗanda aka ƙi a wani ɓangare na ginin, jama'a su yi alƙalanci da idonsu. Aka buɗe wannan baje kolin korarru ranar 15 ga Mayu, 1863. A nan Edouard Manet ya rataye zanen da aka sani yanzu da Le Déjeuner sur l'herbe: mace tsirara zaune a ciyawa tare da maza biyu cikin tufafin zamani. Mutane suka yi ta tururuwa, akasarinsu don su yi dariya.

Zola ɗan gida ne a wannan rikici. Shi da Paul Cezanne abokai ne tun suna makaranta a garin Aix, kudancin Faransa. A 1866 ya rubuta jerin maƙaloli a jaridar L'Événement yana kare Manet, masu karatu suka yi ca a kan jaridar har aka katse jerin. Sunan aron da ya sa hannu da shi shi ne Claude. Manet ya saka masa da zana hotonsa a 1868. Bayan shekara 20 da maƙalolin, da Zola ya tashi rubuta labarin mai zane, sai ya sa wa tauraron Claude Lantier, ya ba shi abokin ƙuruciya marubuci mai suna Sandoz, wanda kowa ya gane Zola ne da kansa.

Buɗewa ta farko: dariya

Babi na biyar shi ne ranar baje kolin korarru, kuma Zola bai ko sauya kwanan watan ba. Claude ya kai ƙarfe uku na dare kafin ya dawo gida, yana barci aka kawo masa damin fararen furanni daga Christine, yarinyar da ta tsaya masa ya zana macen da ke cikin zanensa. Sunan zanen Plein air, wato "a sarari": wani fili a tsakiyar kurmi, rana na ratsa ganyaye, mace kwance tsirara, namiji cikin kwat ta karammiski ya juya wa mai kallo baya, can nesa wasu mata biyu suna kokawar wasa.

Gwanintar Zola a nan tana cikin jinkiri. Bai kai mu gaban zanen kai tsaye ba. Sai da muka jira tare da Claude, muka ratsa ɗaki bayan ɗaki, muka tsaya gaisawa da abokai. Muna ganin yadda tsoro ke sa rigar jarumtaka: da Claude ya ji ana yi wa ayyukan wasu dariya, sai jininsa ya motsa, yana jin daɗin yaƙin, yana harare-harare kamar mai neman abokin faɗa. Daga nan wata dariya ta fara tasowa daga ɗakin ƙarshe, wadda ta fi sauran ƙarfi. Ta kunne labarin ya fara isa gare shi kafin ido. Yana matsawa tana ƙaruwa, har ya kutsa cikin taron ya ga abin da ake wa ita. Duk wanda ya taɓa nufar allon da aka liƙa sakamakon jarrabawa, yana karanta fuskokin masu dawowa, ya san wannan tafiya.

Abin da ya biyo baya shi ne wuri mafi gaskiya a littafin. Claude bai tsaya kallon masu dariya ba, zanen ya kalla, kuma ya gan shi kamar bai taɓa gani ba. Hasken zauren ya sauya masa launi, ya ƙanƙance a bango. Nan take kurakuransa suka fito fili: namijin mai kwat bai zauna daidai ba, matan nesa ba a gama su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu ɗaya cikin masu dariyar da ya ga abin da shi ya gani. Amma a cikin kallon nan ɗaya, ya ga itatuwan sun yi, hasken ya yi, macen da ke kwance kuwa ta fi ƙarfin abin da ya san zai iya, kamar wani ne ya zana ta.

Wannan ita ce murnar mai fasaha ta ainihi, kuma Zola ya kama ta daidai. Tana zuwa a tsakiyar kunya, ba ta jiran tafi. Muddin aiki yana ɗakin mai shi, ɓangare ne na jikinsa, ba zai iya ganinsa ba kamar yadda mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Sai an rataye shi a bangon da ba nasa ba, cikin idanun baƙi, sannan ya rabu da shi har ya iya auna shi. Saboda wannan kallon ake jure fargabar. Abin takaici, layuka kaɗan Zola ya ba ta. Babin ya ƙare da Claude cikin duhun ɗakinsa yana kuka a jikin Christine, wadda ita ma ta je ta ji dariyar da kunnenta ta gudo.

Buɗewa ta biyu: shiru

Babi na goma ya zo bayan shekara goma da ɗoriya. Alƙalai sun ƙi Claude sau da yawa, kuɗi sun ƙare, ɗansa Jacques ya rasu. A gefen gawar, uban ya ɗauki buroshi ya zana yaron. Wannan ƙaramin zane, L'Enfant mort, shi ya aika wa Salon. Alƙalan sun ƙi shi, sai Fagerolles, tsohon abokinsa da ya zama ɗaya daga cikinsu, ya shigar da shi ta ƙofar alfarma: kowane alƙali yana da damar ceto aiki ɗaya, abin da suke kira sadaka. Zola bai ƙirƙiri wannan ba. Ta irin wannan alfarma ce Antoine Guillemet ya shigar da Cezanne Salon a 1882.

Ranar ita ce vernissage. Asalin kalmar daga man sheƙin da masu zane ke shafa wa ayyukansu ne kwana ɗaya kafin buɗewa, amma zuwa lokacin ta zama ranar da manyan Paris ke zuwa nuna sutura. Claude ya nufi ɗakin masu harafin L, domin bisa jerin haruffa ake rataye ayyuka. Babu zanensa. Ya yi ta zagaye cikin cunkoso yana ɗaga kai. A hanya ya tarar da taro ya yi dafifi gaban zanen Fagerolles ana yabo, da ya duba sai ya ga Plein air ɗinsa ne aka surka da ruwa, aka sa wa kowa tufafi, aka goge duk abin da zai tayar wa mai kallo hankali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga ƙarshe ya sami nasa, can ƙololuwar bango a babban ɗakin da ake jibge tarkace, inda haske ke dukansa har ba a gane abin da aka zana. Ya tsaya a ƙarƙashinsa yana jira. Mutane na wucewa babu mai ɗaga kai. Waɗanda suka tsaya kusa da shi hirar da ba ta shafi zane ba suke yi. Mace ɗaya ce ta lura, ta tambayi mijinta, da ta ji sunan zanen ta ja shi suka bar wurin. A nan Claude ya fara kewar zagin da aka yi masa a da.

Wannan ne babban abin da littafin ya gano, kuma tsarin babobin biyu ne ya fito da shi ba tare da wa'azi ba. Mai karatu ya baro babi na biyar yana zaton babu abin da ya fi a yi wa mutum dariya a fili. Babi na goma ya nuna masa cewa mai dariya aƙalla ya tsaya, ya kalla, abin ya taɓa shi. Fargabar daren jajibiri kala biyu ce, tsoron abin da za a ce da tsoron kada a ce komai, kuma na biyun ne mai kisa.

Inda Zola ya yi rowa

Daga nan littafin ya gangara zuwa inda Zola ya shirya masa tun farko: Claude ya rataye kansa gaban babban zanen da ya kasa gamawa. Akwai hujjar da za a kare shi da ita. A 1866 wani mai zane, Jules Holtzapffel, ya kashe kansa bayan alƙalai sun ƙi aikinsa, kuma Zola ya yi rubutu a kai a lokacin. Haka nan duk jerin Rougon-Macquart an gina shi ne a kan ra'ayin cewa lahani yana bin jini, Claude kuwa ɗan Gervaise ne, matar da giya da talauci suka hallaka a L'Assommoir.

To amma nan ne matsalar take. Idan tun daga haihuwa aka yanke wa Claude hukunci, me ya rage wa ranar buɗewa? Fargaba tana da ma'ana ne idan abu zai iya faɗawa ko ta nan ko ta can. Zola ya rufe ɗaya ƙofar ya bar mu muna kallon mutum yana ƙwanƙwasa ta. Ya ɗora wa Claude laifi biyu da ba sa zama tare da sauƙi: jama'a ne suka kasa gane shi, kuma shi ne ya kasa gama aiki. Mai karatu ya rasa wanne zai riƙa.

Ga kuma abin da mutanen da ya kwaikwaya suka yi a zahiri. Ranar 15 ga Afrilu, 1874, masu zane kusan 30, cikinsu har da Claude Monet, Renoir, Degas, Pissarro, Sisley, Cezanne da Berthe Morisot, suka buɗe nasu baje kolin a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar, lamba 35 a titin Capucines. Babu alƙali, su suka zaɓa, su suka rataye. Kuɗin shiga faran ɗaya, kuma cikin wata guda mutum kusan 3,500 suka shiga. An yi musu ba'a: Louis Leroy na jaridar Le Charivari ya ɗauki sunan wani zanen Monet ya yi musu laƙabin shaƙiyanci, laƙabin da ya zama sunan Impressionism. Sun yi asara har ƙungiyar ta watse a ƙarshen shekarar. Duk da haka Cezanne ya sayar da zane a wurin, kuma sun sake buɗewa, sun sake, har sau takwas zuwa 1886. Mutanen da suka maimaita abu sau takwas cikin shekara 12 ba azaba kaɗai suke samu a cikinsa ba. Akwai daɗin haɗa kuɗin haya, da gardamar wa zai samu wane bango, da ganin aikinka a daidai ido kusa da na abokinka. Zola ya san duk wannan, amma bai ba Claude irin wannan rana ko ɗaya ba.

Ya kuma yi gaggawar yanke hukunci. A watan Afrilun 1886, daidai lokacin da littafin ke shiga kasuwa, dillalin zane Paul Durand-Ruel ya kai ayyukansu kusan 300 birnin New York na Amurka, kasuwa ta fara buɗewa. A 1891 Monet ya baje zane 15 na tarin damin alkama a Paris, aka saye su cikin ɗan lokaci. Monet dai ya hango haɗarin littafin tun fitowarsa. Ya rubuta wa Zola yana yaba rubutun, yana kuma bayyana tsoron kada maƙiya su ɗauke shi hujja su ce da Manet da su duka faɗaɗɗu ne.

Cezanne ya aika gajeriyar wasiƙar godiya ranar 4 ga Afrilu, 1886. An daɗe ana cewa ita ce ta ƙarshe tsakaninsu, sai a 2013 aka gano wata ta Nuwamban 1887, abin da ya nuna zumuncin bai yanke rana ɗaya ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne, a 1896 Zola ya bayyana abokin ƙuruciyarsa a jaridar Le Figaro a matsayin babban mai zanen da baiwarsa ta yi ɓari. Ya faɗi haka ne watanni kaɗan bayan Ambroise Vollard ya buɗe wa Cezanne baje kolinsa na farko shi kaɗai, a Nuwamban 1895, a wani shago da ke titin Laffitte. Cezanne yana da shekara 56. Bai halarta ba, ya yi zamansa a Aix. Monet da Degas suna cikin waɗanda suka sayi ayyukansa. Mutumin da ya ɗanɗani dariyar Paris ya ƙi tsayawa gaban bango a karo na gaba, ya ci gaba da zane har rasuwarsa a 1906. Wannan labari ya fi na Claude ban tausayi, ya kuma fi shi ban ƙarfin gwiwa, amma Zola bai iya ganinsa ba ko da yake a gabansa ya faru.

Abin da ya shafe mu

Mun fara da gatan marubuci. Waya ta ƙwace shi. Wanda ya saki babin labarinsa a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad yau, tsaye yake gaban bango kamar Claude. Yana ganin adadin waɗanda suka buɗe, yana ganin wanda ya karanta ya fita bai ce uffan ba, yana ajiye wayar yana sake ɗauka. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun san daren nan, kuma sun san cewa zagi a ƙarƙashin rubutu ya fi sauƙin haɗiya a kan shafin da ya kwana babu kowa.

Saboda haka littafin yana da magana biyu gare mu, ɗaya daga abin da ya dace, ɗaya daga kuskurensa. Ta farko ta masu kallo ce. Wanda ya shiga baje koli ko ya buɗe sabon rubutu, mafi ƙarancin haƙƙin mai aikin a kansa shi ne ya tsaya ya duba, sannan ya faɗi abin da ya gani: wane wuri ya yi, wane wuri bai zauna ba. Yabon da babu kallo a cikinsa ɗan'uwan shirun nan ne na babi na goma. Ta biyu ta masu sharhi ce, har da mu. Ranar buɗewa rana ɗaya ce a rayuwar aiki, kuma ita ce ranar da ido ya fi yin kuskure, domin sabon abu da mummunan abu kama suke yi a kallon farko. Leroy ya yi sharhi na shekaru, amma da ba'ar nan ɗaya ake tunawa da shi. Zola, wanda ya fi shi ido nesa ba kusa ba, ya auna rayuwar abokansa da ma'aunin Salon, ma'aunin da shi da kansa ya yaƙa yana saurayi.

Duk da haka muna ba da shawarar a nemi littafin, tunda akwai tsohuwar fassararsa ta Ingilishi kyauta a intanet. Wanda ba shi da lokacin karanta shi duka, ya karanta babi na biyar da na goma a jere. Idan ya iso wurin da Claude ya daina jin dariyar ya ga macen da ya zana kamar aikin wani, ya dakata a nan ya maimaita. Zanen Manet da aka yi wa waccan dariya ta 1863 yana rataye yau a gidan tarihin Orsay da ke Paris, a gini ɗaya da hoton Zola da ayyukan Cezanne, kuma mutane layi suke bi su gan shi.